Auta da Irin Kirya

Laraba, bayan azahar

Mun dawo da Auta daga asibiti. Kwana shida ta yi. Da muka iso mararrabar da ake juyawa zuwa gidan mijinta sai ta ce wa mai tasi ya miƙe, gidanmu za ta. Mijin yana zaune a gaba, bai juyo ba. Shi ya shigo da kaya har ɗakinta na da, inda yanzu muke ajiye keken ɗinki da tsofaffin barguna. Jaka biyu muka tafi da su, tata da ƙaramar ta kayan jariri. Ƙaramar ko zif ɗinta ba a buɗe ba. Mamanta ta ɗora ta can saman durowa ta rufe da zani.

Wannan littafin na awon katako ne. Shafukan baya babu komai a ciki, shi ya sa.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Mako ɗaya yau. Ta sha rabin kofin shayi.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na je lambu. Mamanta ce ta kore ni, ta ce ina ta zirga-zirga a tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Lambu muke ce masa har yanzu, ko da yake wanda bai san shi da ba zai yi mana dariya. Tsohon filin shaƙatawa ne a bayan unguwarmu. Lokacin da Auta take ƙarama akwai lilo guda uku da inuwa ko ta ina, a kafaɗa nake kai ta. Daga baya aka sare itatuwan ɗaya bayan ɗaya, aka mai da wurin bola, ruwa ya zo ya yanka kwazazzabo ta tsakiya har mutum na iya ɓacewa a ciki. Bara ne Malama, wadda ta yi ritaya daga koyar da kimiyya, ta bi gida gida da malfarta tana neman masu hannu. Yanzu mu goma sha shida ne, duk Asabar da Talata. Mun kwashe shara, mun tumɓuke baƙuwar ƙayar nan da ta cinye wurin. Dokar Malama ɗaya ce: ba a shuka komai sai abin da ƙasar ta sani tun asali. Gawo, kirya, ɗorawa, tsamiya, kurna, aduwa, sai gamba a bakin kwazazzabo don ta riƙe ƙasa. Ni aikina kejin katako, don kare shuka daga awaki. Direba, wanda yake kawo mana ruwa a tsohuwar a-kori-kurarsa, kullum sai ya ce shekara arba'in ina yanka itatuwa, yanzu na zo neman gafara wurin jikokinsu.

Yau bai ce haka ba. Ya miƙo mini diga kawai. Malama ta dube ni ta ƙarƙashin malfa ta ce, "Kafinta, ramuka goma sha biyu ne naka, daga wancan dutsen." Ba wanda ya tambaye ni komai. Allah ya saka musu.

Sha huɗu na haƙa.

Lahadi, bayan la'asar

Surukina ya zo da lemo da madara. Mai walda ne, hannunsa duk tabon wuta, magana kuwa sai an ciro ta da ƙugiya. Mamanta ta shiga ta gaya mata, ta fito ta ce tana barci. Ba barci take yi ba, muna jin motsin gado. Ya ce ba komai. Ya shigo shagona da ke ƙofar gida, ya zauna kan benci, ya ɗauki sanfefa ya hau goge ƙafar wata kujera da nake haɗawa. Awa ɗaya ya yi yana gugar. Da zai tafi ya tambaye ni ko ta ci wani abu. Na ce ta sha shayi. Ya yi ta godiya kamar ni na dafa.

Ya goge ƙafar nan har ta fi sauran ukun siranta. Dole in sake wata.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Malama ta ba ni kullin irin kirya, ya kai mudu. Ƙwayarsa kamar tsakuwa take, in ka shuka ta haka sai ta shekara a ƙasa ba ta motsa ba. Sai an ɗan gutsure gefen kowace da abin yankan farce, ba can wajen idon ba, sannan a jiƙa. Na zauna a tsakar gida da faranti ina yi. Idona ba kamar da ba. Biyar na farko na raba su biyu, ta shida ta yi tsalle ta faɗa cikin kwatami.

Ashe Auta tana kallona ta taga. Ta fito a hankali, hannu ɗaya a kan cikinta inda aka yi ɗinki, ta zauna a kujerar mamanta. Ta ce, "Baba, kawo. Ɓarna kake yi."

Magana mafi tsawo ke nan da ta yi mini tun ranar Alhamis ɗin.

Laraba, da safe

Ɗari biyu da sha ɗaya ta gutsure. Ta ci burodi yanki biyu ba ta ma lura ba, don mamanta a gefen farantin ta ajiye.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Mata sun cika falo tun hantsi. Kowa da irin tasa: sai haƙuri, Allah ya kawo mai zama, ke yarinya ce ai. Auta tana zaune da farantinta a cinya, kanta a ƙasa, ana jin ƙas, ƙas, ƙas ɗin abin yankan farce a tsakanin maganganu. Ni ina shago, amma bangon allo ne, ni na yi shi, na san bai tare komai.

Sai wata gwaggon mamanta ta ce ai gara ma da ba ta gani ba, wanda ido bai gani ba ya fi saurin barin zuciya. Ƙas ɗin ya tsaya. Na ji an ture kujera, na ji ƙofar ɗaki.

Na buga ƙusa a inda ba ta da aiki. Na ciro ta, na sake buga ta a wurin.

Asabar, da rana

Mun cika leda ɗari uku da ƙasa da taki a rumfar reno. Direba ya ba da labarin ranar da ya ɗauko raƙumi a bayan motarsa. Karo na huɗu ke nan, kuma kullum raƙumin ƙara tsawo yake yi.

Lahadi, bayan la'asar

Ya zo. Tana barci.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Mamanta ta kawo mini shayi shago, ta tsaya ba ta tafi ba. Shekara talatin da takwas muna tare, na san tsayuwar nan. Ta ce Auta ta yi mata magana jiya. Ta ce ba za ta koma gidansa ba. Wai awa tara kawai ta yi ba ta cikin hayyacinta bayan aikin, awa tara, amma bai iya jira ba. Ta farka ta tarar an gama komai, an kai jaririyar makwancinta, an dawo, har an wanke hannu. Wata tara tana ɗauke da ita, ko minti ɗaya ba a bar mata ba.

Mamanta ta ce ita ma abin ya ɗaure mata kai, don yaron nan ba mai gaggawa ba ne. Ita tana bakin gadon Auta a lokacin, ba ta san yadda aka yi a waje ba. Ta tambaye ni ko ni na san abin da ya shiga kansa.

Na ce Allah ya kyauta. Na ɗauki tsintsiya na share shagon da na riga na share.

Laraba, bayan la'asar

Ya zo, yau da ayaba. Na ɓoye sanfefa, na ba shi ƙusoshi ya miƙe mini. Yana ta bugawa a hankali na ce masa zan gaya mata. Bai tambaye ni me ba. Ya ajiye guduma.

"Baba, don Allah ka bari," ya ce. "In ta yi fushi da ni tana da gidanku. In ta yi fushi da kai, ina za ta?"

Na ce to aurensa fa? Ya ce aure yana iya jira, ita ce ba ta da ƙarfin rasa wuri biyu a wata ɗaya. Na daɗe ina cewa 'yata ta auri kurma. Ban san haka yake ajiye magana ba sai ranar da za ta yi amfani.

Ban yi masa musu ba. Nan ne abin kunyar: daɗi na ji da ya hana ni.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Awaki sun shiga. Keji tara na gefen gabas gara ta cinye ƙafafunsu ta ƙasa, akuya ta jingina kawai suka faɗi. Aduwa shida sun tafi har ƙasa, kurna uku an aske su. Malama ta tsaya a kansu ta cire malfa kamar mai gaisuwar rashi, sannan ta mai da ita ta ce saiwar tana nan, a ba su ruwa a gani. Direba ya ce ashe katako ma ya san mai laifi, ramuwa yake yi. Na ji daɗi da ya dawo da tsokanata.

Da na ba surukina labari da yamma, ya tambayi tsawon kejin da faɗinsa kawai.

Talata, da rana

Tun kafin in isa lambu na hango shi. Ya kawo keji goma na guntayen rodi da ragar waya, a dare biyu ya haɗa su bayan ya tashi daga aiki. Ba su da kyau ko kaɗan, walda duk ƙulu-ƙulu, amma Direba ya hau kan ɗaya ya zauna bai lanƙwashe ba. Na ce ƙarfe zafi yake ɗauka, zai dafa shuka. Malama ta ce in kawo hujja. Ba ni da ita.

Yanzu mu goma sha bakwai ne.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

An duba ɗinkin, likita ta ce ya kama, ta riƙa ɗan tafiya. Mako huɗu yau.

Asabar, bayan azahar

Auta ta bi ni lambu. Ba ni na ce ta zo ba, na fito na tarar da ita a bakin ƙofa da mayafi da bokitin irin da ta jiƙa. Tafiyar minti goma muka yi a ashirin da biyar. Na riƙa tsayawa ina gyara takalmi don kada ta ce ita nake jira.

Ta tsaya a bakin filin ta daɗe tana kallo. Ta nuna inda lilo yake da, yanzu ramukan gawo ne a jere. Ta ce ta ɗauka wurin ya fi haka girma.

Malama ba ta yi mata sannu irin ta marasa lafiya ba. Ta ba ta kujera a rumfar reno da tsinke, ta nuna mata zurfin da ake sa iri a leda, gaɓar yatsa ɗaya. Bayan leda goma ta dawo ta tono biyu ta ce sun yi zurfi, a sake, ita ba ta koyar da ragwaye ba a aji ba za ta fara yanzu ba. Na ga gefen bakin Auta ya motsa. Kaɗan ne, amma na gani.

Sai ga mijinta ya fito daga kwazazzabo da rodi a kafaɗa. Ban gaya mata yana zuwa ba, shi ma ban gaya masa ba. Ya tsaya cak. Ita ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce in kai ta gida.

A hanya ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ya rame.

Litinin, da safe

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun asuba. Ina tunanin gambar bakin kwazazzabo.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Ruwan ya yi mana ɓarna. Ya ɓalle gefen kwazazzabo wajen taku goma sha biyar, ya tafi da gamba jeri biyu da tsamiya bakwai da kejinsu. Wata uku na aiki. Wata mai sayar da magani da ke cikinmu ta zauna a kan baro ta yi hawaye, ta ce ita ta gaji, wurin nan ba ya son a gyara shi. Malama ta bar ta ta gama, sannan ta ce kuskurenta ne ita Malama, ya kamata a jera duwatsu a sama su rage wa ruwa gudu kafin a dasa komai. Ta faɗe shi a gaban kowa, ba ta sassauta murya ba, ta ɗauki dutse na farko.

Mun yi layi muna miƙa wa juna duwatsu har rana ta yi tsaka. Surukina yana can ƙasa cikin taɓo yana jerawa. Wani dutse ya suɓuce ya fasa masa babban yatsa, jini har gwiwar hannu. Mai magani ta ɗaure masa, ya koma ciki da hannu ɗaya.

Auta tana rumfa, ta zo duba ledojinta. Na ɗauka ba ta gani ba.

Ina ta juya maganar Malama. Kuskurena ne. Kalma biyu, ta faɗe su kamar mai cewa a miƙo mata shebur.

Laraba, bayan la'asar

Ta shigo shago, abin da ba ta yi ba tun tana makaranta. Ta zauna a bencin da yake zama. Ta tambaya ko an yi masa allura saboda yatsan, na ce an yi. Ta ɗauki wani guntun katako tana juyawa.

Ta ce ita ba ƙinsa take yi ba, da ƙinsa take yi da abin ya zo da sauƙi. Amma duk sanda ta kalli hannunsa sai ta tuna abin da hannun ya ɗauka ya fita da shi tana kwance. Ta ce ba za ta iya cin abinci a gaban hannun nan ba har ƙarshen rayuwarta, kuma bai kamata ya yi ta zuwa yana ramewa a ƙofar gidan mutane ba.

"Baba, ka ce masa ya sawwaƙe mini. Kai yake jin maganarka."

Na ce ta bari mu yi tunani. Ta ce ta yi. Ta sa hannu ta cire mini garin katako daga gemu kamar yadda take yi tana ƙarama, ta fita.

Kai yake jin maganarka.

Alhamis, da rana

Ban buɗe shago ba.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Na gaya mata.

Na ce ta raka ni lambu mu ba ledoji ruwa, don ranar Juma'a babu kowa. Kiryarta ta fara fitowa, wasu da ganye biyu, wasu sun ɗago ƙasa kawai. Tana tsugune tana ƙirgawa na ce, "Auta, ba shi ba ne. Ni ne."

Ta ɗago. Na ce mata ranar nan shi ko tsayuwa ba ya iya yi, yana jingine da bangon baranda. Likita ta ce ba ta san yaushe za ki farka ba, ko ma yaya za ki farka. Ya ce mini, Baba, a jira ta. Sau biyu ya faɗa. Ni na ce a'a, a yi yanzu, kada ta farka ta gani abin ya zauna mata a ido. Na ce ni na haife ta, na fi shi sanin abin da za ta iya ɗauka. Kuma ba hannunsa ne ya ɗauka ba. Nawa ne.

Ta dubi hannuna. Ina riƙe da butar ban ruwa, ruwa yana zuba a kan takalmina ban sani ba.

Ta ce, "Wata guda kana kallona ina hukunta shi."

Na ce eh.

Ta miƙe a hankali, ta kakkaɓe zaninta. Na miƙa hannu in taimake ta, ta kauce. Ita kaɗai ta koma gida, ina binta daga nesa kamar baƙon kare.

Juma'a, bayan la'asar

Mamanta ta shigo shago ta rufe ƙofa. Ban taɓa jin muryarta ƙasa-ƙasa haka ba. Ta ce shekara talatin da huɗu da suka wuce, lokacin namu na biyu, namijin da bai zo da rai ba, haka babata ta yanke aka yi mata, ni kuma na bi. Ta ce ta yi shiru saboda a lokacin ba a magana. Ta ce in ina tsammani ta manta ne saboda ba ta gani ba, to ban san matar da nake zaune da ita ba.

"Har yau duk yaron da na gani sai in ce ko haka yake," ta ce. "Shi ne ka je ka yi wa 'yata."

Na ce na ɗauka sauƙi na yi muku. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta fasa mini kai da guduma ba.

Asabar

Ban je lambu ba. Direba ya yi hon a ƙofar gida sau uku ya gaji ya tafi.

Lahadi, bayan la'asar

Ya zo. An ce ya shiga. Minti arba'in. Na tafi bakin titi na tsaya don kada bangon allo ya ba ni abin da ba nawa ba. Da ya fito idonsa ja, ya tsaya a gabana ya ce, "Baba, ai na ce ka bari." Sannan ya kama hannuna da hannunsa mai bandeji ya riƙe.

Litinin, da safe

Ta wuce ni a tsakar gida ba ta gaishe ni ba. Tun da ta iya magana ba ta taɓa yi ba.

Laraba, da safe

Haka dai. Mamanta tana ajiye mini shayi a bakin ƙofar shago ta juya. Amma da sukari yadda nake so.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Na ji tana dariya a waya. Ba da ni ba, amma dariya ce.

Asabar, bayan azahar

Yau aka yi babban dashe, don ƙasa ta sha ruwa, duwatsun da muka jera kuma sun riƙe. Mutane sun fi arba'in, har da waɗanda a da suke zubar da shara a wurin. Malama ta raba mu biyu-biyu, mai haƙa da mai dasawa. Ni ta ba ni can ƙarshen filin wajen ɗorawa, ni kaɗai, ta ce abokin aikina yana zuwa. Daga nesa ina hango Auta da mijinta a bakin kwazazzabo, shi yana buɗe ƙasa da hannu ɗaya, ita tana sa gamba tana dannawa. Na ce a raina ko iyakar abin da zan samu ke nan, ya isa.

Ina rami na biyar na ga inuwa a kaina. Ta tsuguna, ta yaga ledar ɗorawa, ta sa a ramin, ta tura ƙasa. Muka yi na shida. Muka yi na bakwai. Ba ta dube ni ba.

A na takwas ta ce, "Ka buɗe fuskarta?"

Na ce na buɗe.

"To gaya mini. Kada ka rage komai, kada ka ƙara."

Na ajiye diga na zauna a ƙasa. Na ce tana da gashi, baƙi, mai yawa, a kwance kamar an shafa mai. Goshin mijinki. Kunnuwa ƙanana, na hagu ya ɗan naɗe a sama kamar naki. Hancin ba na kowa ba ne, nata ne. Yatsu dogaye, har da farce. Bakinta a rufe kamar wadda aka ɓata wa rai, irin yadda kike yi in an tashe ki daga barci. Na ce tsawonta daga gwiwar hannuna zuwa tsakiyar tafina, na auna ba da niyya ba, hannun kafinta ne. Na ce kyakkyawa ce, kuma wannan ba ƙari ba ne.

Ta sa na maimaita kunnen. Ta taɓa nata. Sannan ta kifa kanta a kafaɗata ta yi kukan da ba ta yi ba tun da muka dawo, hannunta duk taɓo a bayan rigata. Direba ya taho da jarkar ruwa, ya hango mu, ya yi kwana kamar ya tuna wani abu a mota.

Da ta natsu ta ce ba ta gama fushi da ni ba. Na ce ta ɗauki lokacinta, ina nan. Ta ce gobe in kai su wurin kabarin, ita da mijinta. Sannan ta dubi ramin ta ce ya karkace, in gyara.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Na kai su. Na nuna musu, na koma bakin ƙofa na jira. Sun daɗe. Da suka fito ta ce wa mai tasi ya juya a mararraba. Kayanta ta ce a bar su tukuna, za ta zo ranar Talata ta ɗauka in an tashi daga lambu.

Gidan ya yi shiru. Na tarar da mamanta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na zauna a gefe, ba ta kore ni ba. Ta ce Auta ta gaya mata abin da na faɗa jiya, har da kunnen. Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Namu fa? Ka buɗe?"

Na ce na buɗe.

"Ka tuna?"

Na ce ko yau aka ba ni fensir.

Ta ture farantin gefe, ta goge hannu a zaninta, ta gyara zama ta fuskance ni. Na fara mata daga gashin kai.